Kwana Tara a Dutsen Awaki

Idan ka bar Maradun ka nufi bakin ruwan dam na Bakolori, ka wuce inda motocin kifi suke juyawa, hanya za ta ƙare maka a kan wani dogon dutse da ya kutsa kai cikin ruwa. Hancin Dutse ake ce masa. Babu inuwa a kansa sai ta wata ƙirya guda da iska ta tanƙwara, babu ƙasar da za ta riƙe ƙwayar gero, sai falalen dutse da kashin tsuntsaye ya yi wa fari. Daga ƙarshensa ana hango tsibirai huɗu ko biyar, baƙaƙe, a warwatse cikin ruwa, kuma wanda ya fi nisa shi ne Dutsen Awaki. A kan hancin nan Falalu ya ƙare rayuwarsa. Waɗanda suka san shi a ƙarshe ba su san shi da sunan yanka ba, Kwana Tara suke kiransa. Yawancinsu ba su san mafarin sunan ba, sun dai ga in an faɗa yana sunkuyar da kai, sai abin ya yi musu daɗi suka ci gaba.

Da can babu tsibiri ko ɗaya a wurin. Duwatsu ne a tsaye cikin fadama, gulbi yana bi ta bayansu, tsakaninsu da Hancin Dutse kuma akwai wata ƙaramar tunga mai gida goma sha biyu, Tungar Buba. Buban nan shi ne uban Falalu, kuma sana'arsa fito. Ba da jirgi yake yi ba, da gora. Yakan kwanta rub da ciki a kan wata ƙatuwar gora, wanda za a ƙetarar ya rungumo ta ɗaya gefen, kaya kuma a zuba a masaki a tura gaba. Duk dabarar aikin a wurin shiga take. Ba ka tunkarar gaci kai tsaye, sai ka hau sama sosai ka faɗa ruwa, ka bar gudun gulbi ya ɗauke ka a karkace, kai dai kana gyara da hannu da ƙafa har ya ajiye ka inda kake so. Falalu ya iya wannan tun bai iya ɗaura wando ba.

Abu na biyu da Buba ya bar wa ɗansa shi ne tsage. A gindin Hancin Dutse, inda ambaliya take dukan dutse kowace damina, ya bi ya sassaƙa tsaga da kurfi a duk inda ruwa ya taɓa tsayawa. Ta can sama ita ce ta shekarar da ruwa ya ci rumbuna, ba a sake ganin irinta ba. Ta uku daga ƙasa ita ce tsagar awaki. Ranar da ruwa ya taɓa ta, gulbi zai ɓallo ta wani kwari ya zagaye Dutsen Awaki, ya raba shi da gari. Daga ranar a ƙirga kwana tara, ruwan kwarin zai dawo iya gwiwa. Wata shekara kwana takwas ne, wata shekara tara, amma a shekara arba'in da Falalu ya yi a duniya bai taɓa ganin ya kai goma ba. Saboda haka ba mai dasa shinkafa ko shuka dankali a bayan ruwa sai ya tambaye shi. Shi kuwa abin ya ɗan hau masa kai, ba zan ɓoye ba. Yakan amsa ba tare da ya ɗago ido daga igiyar da yake tufka ba.

Uwarsa Baturiya ce take hawa dutsen. An ce fara ce sol da aka haife ta, shi ya sa sunan, amma rana da hayaƙin murhu sun daɗe da karɓe farin. Tana da awaki sun kai talatin, kuma ta tsani ɗaure su a turke da damina kamar yadda sauran mata suke yi. Da ruwa ya kusa tsagar awaki sai ta kora su dutse, ta sake su, ruwa ya zama mata shinge, ba mai zuwa ƙorafin an ci masa gero. Ita kuma ta zauna a wani kogo da tabarma da tukunya da gari, ta huta da surutun tunga. Kowace asuba in ta idar da salla sai ta ajiye tsakuwa ɗaya a bakin kogon. Ranar da tsakuwa ta cika tara sai ta naɗe tabarma, ta bi wani lungu tsakanin duwatsu ta sauko, ta ratsa ruwa iya gwiwa, Falalu yana jiranta a ɗaya gefen da ƙwaryar fura. Ba ta yarda a goya ta, ba ta yarda a riƙe mata hannu. Ko da yanar ido ta rufe mata gani, ya zama haske da duhu kawai take rarrabewa, ba ta fasa ba, ta ce ƙafarta ta san hanya.

Falalu ɗanta ne na fari, don haka bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Mai gora take ce masa, shi ma sai ta kama dole. Ba ta taɓa yabonsa a gaban mutane ba, ba ta taɓa zama kusa da shi ta yi hira ba, irin kunyar nan ta mutanen da. Amma in mata suna gardamar ko ruwa ya kusa tafiya, sai ta ce Mai gora ya ce jibi, ta ɗauki tulunta ta wuce. A wurinta magana ta ƙare ke nan. Falalu ya san wannan, kuma duk duniya babu abin da yake sa shi jin kansa mutum kamarsa.

Sai aka fara aikin dam. Shekara uku suna jin rugugin fasa dutse daga ƙasa, suna ganin motocin da ba su taɓa ganin irinsu ba. Wata rana masu awo suka zo da ƙarafunansu masu ƙafa uku, suka hau Hancin Dutse, suka shafa jan fenti kusa da gindin ƙiryar nan, suka ce nan ruwa zai kawo. Falalu ya tsaya a ƙasa wajen tsagar ubansa ta sama, ya ɗaga kai ya dubi fentin. Tsakani ya fi tsayin giginya. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce mutanen nan sun yi karatu ya yi musu yawa, wanda bai taɓa kwana a bakin gulbin nan ba shi ne zai faɗa masa iyakarsa? Mutanen tunga suka taya shi dariya, don abin da suke son ji ke nan. An sha gaya musu cewa ruwan dam tsayawa yake yi, ba ya tafiya. Sun ji da kunne, sun gyaɗa kai. Amma a ransu ba su san wani ruwa a duniya da yake zuwa bai koma ba, domin duk abincinsu daga komawarsa yake fitowa.

Da damina ta yi nisa a shekarar da aka toshe gulbi, aka aiko cewa motoci za su zo ran Talata su kwashe su zuwa sabon matsuguni a kan tudu. Mutum da kaya za a ɗauka, ban da dabba. Shawarar da tunga ta yanke, kuma bakin Falalu ne ya fi ƙarfi a cikinta, ita ce a bi motar a je a kama wuri don kada a yi biyu babu, in ruwa ya janye a dawo a yi shuka kamar kullum. Wasu har suka bar geronsu a rumbu suka liƙe baki da laka. Ranar Litinin da yamma ruwa ya taɓa tsagar awaki.

Baturiya ta ce ita ba inda za ta, dutse za ta hau. Da sassafe ran Talata Falalu ya ɗaukar mata gari da gishiri da daddawa, suka kora awaki, ruwan kwari yana taɓa idon sawu. Ya share mata kogo, ya tara mata itace. Da zai juya sai ta tsaya da sandarta, ta karkata kai tana saurare, kamar wadda take jin wani abu a can ƙasa. Ta ce ba ta jin kukan gulbi yadda ta saba. Sannan ta yi masa tambayar da ba ta taɓa yi ba.

"Mai gora, ruwan ga na bana, shina janyewa kuwa?"

"Shina janyewa, Inna. Kwana tara, awa kullum. In kin ji shi ga gwiwa kar ki ji tsoro, ƙarshenai na."

Ta ce to, ta juya ta shiga kogo.

A gindin mota akwai wani malami da littafin rajista a hannu, yana kiran masu gida ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar ko kowa na gidansu ya fito. Falalu ya ga abin da aka yi wa wani tsoho a tungar da ke gaba da su, wanda ya ƙi fita aka ciccibo shi kamar buhu, zaninsa yana kwancewa a gaban jikokinsa. Ya tuna uwarsa da ba ta yarda a riƙe mata hannu. Da aka zo kansa ya ce kowa ya fito, ya danna babban yatsa a tawada ya dangwala. Ya hau mota da matarsa Taiba, gorarsa a kan cinya.

Niyyarsa ya kwana ɗaya ya dawo. Amma sabon matsugunin fili ne na tsakuwa da aka jera wa turaku, kuma wanda ba ya nan lokacin da aka kira sunansa sai a ba wani filinsa. Kullum ana cewa gobe. Sai ran Asabar aka kira shi, ya ga turakunsa huɗu, ya bar Taiba tana gadin kaya, ya saɓi gora ya kama hanya a ƙasa. La'asar ta yi masa a kan Hancin Dutse.

Ya daɗe a tsaye bai gane inda yake ba. Babu tunga, babu fadama, babu gulbi. Ruwa ne shimfiɗe har inda ido ya ƙare, ja-ja-ja, yana lilo da jinkar ɗakuna da murfin rumbuna. Tsamiyar bakin masallaci kanta kawai ya rage, giginyu sun zama kamar an dasa ganye a ruwa. Tsagen ubansa duk sun nutse, har da ta sama, ya leƙa bai ga ko alamarsu ba. Duwatsun fadama sun rabu da juna kowanne ya zama tsibiri, kuma Dutsen Awaki, wanda da in ka ƙwala kira daga tunga ana ji, ya koma can tsakiya, rabinsa a ruwa. Daga samansa wani siririn hayaƙi yana tashi. Falalu ya zauna daɓas a kan dutse, domin a lokacin ya san ƙarya ya yi wa uwarsa.

Da gari ya waye ya sauka da gora. Ya yi abin da ya saba: ya bi gaɓa ya hau sama sosai, ya kwanta a kan gora, ya tura kansa ya jira gudun ruwa ya ɗauke shi. Ba abin da ya ɗauke shi. Ruwan a tsaye yake, ba gaba ba baya, kuma duk iliminsa na shekara arba'in bai tanadi komai ba don ruwan da ba ya tafiya. Ya shiga tuƙi da hannu. Ya ratsa kawunan itatuwa, macizai a nannaɗe a rassa suna bin sa da ido, ƙaya tana yagar cinyarsa daga ƙasa. Ya wuce tsibiri na farko, ya ga birai da zomaye da guza sun cunkushe a kan falale ɗaya, yunwa ta hana kowa tsoron kowa, ungulaye suna zaune a sama suna jira. Bai kai rabi ba iska ta taso daga gabas, ta tayar da igiyar ruwa irin wadda gulbi bai taɓa yi ba. Gora ba ta da baki ba ta da gindi, inda iska ta so nan take zuwa. Ta mayar da shi baya, ta buga shi a gindin Hancin Dutse sau uku. A na uku gorar ta dare biyu. Gorar ubansa ce.

Ya hau dutse jini yana bin ƙafarsa, ya yi ta kira har muryarsa ta dishe, iska tana dawo masa da ita. Ya tara ciyawa ya hura wuta, sai ya tuna wadda yake yi wa alamar ba ta gani.

Ran Litinin ya isa bakin dam, don ya ji masu awo suna da jirgi mai inji. Ya yi gaisuwa a ƙofa uku kafin a tura shi wurin malamin nan mai rajista. Ya durƙusa ya faɗi abin da ya kawo shi. Malamin bai yi masa tsawa ba, da ma tsawar ya yi da ta fi sauƙi. Ya buɗe littafi a hankali, ya bi layi da biro, ya juyo da shi.

"Wannan yatsan wane ne?"

"Nawa na, ranka shi daɗe."

"To takarda ta ce babu kowa a Tungar Buba. In na rubuta a ba da jirgi, na rubuta cewa ban yi aikina ba ke nan. Kai ka yi ƙarya, ni zan ɗauka?"

Ya ce masa ya dawo jibi in babba ya dawo daga tafiya, ya rufe littafi, ya ɗauki kofin shayinsa. Ban san inda malamin nan ya ƙare ba, kuma ban taɓa yi masa fatan alheri ba.

Falalu ya kwana a hanya, ya shiga Talata Mafara ran kasuwa, ya nufi rumfar Rundawa, wato mahauta. A can akwai Ɗanliti, wanda ya shekara ashirin yana sayen bunsuran Baturiya in salla ta matso, kuma ya sha zaginta a kan ciniki har ya saba. Da ya ji labari sai ya ajiye wuƙa, ya bar nama a hannun ƙaninsa. Shi ya tuna cewa tunda aka toshe ruwa gulbi ya ƙafe ta wajen Bakura, jiragen masunta suna kife a kan yashi ba aikin yi. Ya roƙi direban wata motar shanu da za ta koma wofi. Suka sami wani masunci mai suna Uba, mutum marar yawan magana, ya yarda. Kafin a ɗora jirgi, a fita daga laka sau biyu, a kai inda hanya ta ƙare, a ɗauke shi a kafaɗa zuwa Hancin Dutse, ranar Laraba ta yi sanyi.

Hayaƙi yana nan yana tashi daga Dutsen Awaki. Falalu ya gan shi, ya nuna wa Ɗanliti da hannu. Ya so a tafi a lokacin, amma da aka tura jirgi ruwa sai ya shiga tsiyaya ta ko'ina. Uba ya ce jirgin da ya yi wata a rana dole ya kwana cikin ruwa katako ya sha ya kumbura, in ba haka ba su uku za a nema gobe. Gaskiya ya faɗa. Suka danne jirgin da duwatsu a gefen ruwa. Falalu ya dubi hayaƙin ya ce ba komai, tana da gari, tana da nonon awaki, kwana ɗaya ba zai yi mata komai ba. A maraicen nan ya ci tuwo, karo na farko tun Asabar, har ya yi wa Ɗanliti ba'a a kan tumbinsa.

Da asuba suka kwashe ruwa, suka cusa tsumma a sauran tsagogi, rana tana fitowa suka tashi. Safiya ce mai kyau, ruwa kwance lumui. Uba yana tuƙi yana kauce wa kawunan itatuwa. Sun wuce tsibirin birai, inda yanzu ungulaye suka sauko ƙasa, sai Uba ya yi tambaya don dai a yi hira, ya ce tsohuwar kwananta nawa a can. Falalu ya fara lanƙwasa yatsu. Daren Laraba, na Alhamis, na Juma'a. Kwanakin sun cakuɗe masa a guje-guje, bai zauna ya ƙirga ba ko sau ɗaya, shi da ƙirgar kwana ce abin taƙamarsa. Ya gama hannu ɗaya ya shiga na biyu. Ya tsaya a yatsa na tara. Ya ɗaga kai ya dubi dutsen, babu hayaƙi.

Ya fizge filafilin tuƙi daga hannun Uba, bai iya ba, jirgi ya shiga juyawa. Uba ya karɓe abinsa, shi kuma ya kwanta a goshin jirgi yana yaɓar ruwa da hannu biyu yana kiran Inna. Ba wanda ya ce masa ya bari.

Hantsi ya ɗaga suka isa. Awaki suna tsaye cirko-cirko a bakin lungun nan da take saukowa, sun ƙi gaba, suna kuka suna kallon ruwa. Ya ture su ya hau kogo a guje. Baturiya ba ta ciki, ta wanke tukunya ta kife. Ta share wurin tas. Ya tura hannu cikin toka, da ɗuminta. A bakin kogo ga tsakuwa a jere, ya ƙirga duk da ya san adadinsu, tara cif.

Sawunta yana nan a kan laka, ya bi shi. Ta sauko lungu kamar kullum, sai ta tarar da ruwa tun a tsakiyar dutse, inda bai taɓa kawowa ba. Sawun ya nuna ta tsaya a nan, ta ɗan ja baya, ta yi tattaki wuri ɗaya. Ƙafarta da ta san hanya ta gaya mata akwai abin da ba daidai ba. Sannan sawun ya sake miƙewa gaba ya shiga ruwa. Taku biyu daga nan ruwan iya gwiwa ne, Falalu ya shiga ya auna da tasa ƙafar. A taku na uku akwai wani gangare da in da rani ne sai an dafa dutse ake sauka, ƙarƙashinsa kuma yanzu zurfin ruwa ya fi gaba uku. Sandarta tana yawo a wurin, tabarmarta a naɗe da igiya tana bugun dutse a hankali.

Ya yi nutso har jini ya ɓalle masa ta hanci. Ƙasan duhu ne da ƙaya da rassan itatuwa. Uba ya jefa taru ya ja, ya fito da reshe. Da azahar ta wuce Ɗanliti ya kama shi ta baya ya danne shi a cikin jirgi, yana kuka shi ma. Suka yi kwana uku suna zagaya tsibiran, ruwa bai ba da ita ba.

Liman ya ce ba a salla sai da gawa, aka yi addu'a aka watse. Babu kabari, kuma a takarda ba a rasa kowa ba. Ɗanliti ya ce a kwaso awakin ko don Taiba, Falalu ya ce wanda ya taɓa su bai yafe ba, aka bar su a can.

Sunan kuwa a sabon matsuguni ya samo asali, daga bakin waɗanda suka bar geronsu a rumbu a kan maganarsa. Yunwa ta kama su a shekarar, tsakuwar tudu ba ta ba da komai ba, kuma masu dam sun yi musu nisa, Falalu ne a kusa. In ya wuce sai wani ya ɗaga murya ya ce, Kwana Tara, ruwa ya janye? Sun san abin da ya same shi sarai, shi ya sa suka zaɓi wannan. Bai taɓa ramawa ba. Da abin ya ishe shi ya koma Hancin Dutse ya kafa bukka a gindin ƙirya, daf da jan fentin da ya yi wa dariya, wanda ruwa ya zo ya tsaya a ƙasansa da ɗan taƙi ɗaya. Taiba ta yi haƙurin shekara biyu tana kai masa abinci, daga baya ta koma wurin danginta a Damri, kuma ba mai ganin laifinta. Masunta baƙi suka cika bakin ruwa, yana gyara musu taru suna ba shi kifi, suka gaji sunan ba tare da labarin ba. Bai ƙara sa ƙafa a ruwa ba, ko alwala sai an ɗebo masa.

Shekara shida bayan haka aka yi fari, ruwan dam ya ja baya sosai, har wata safiya tsagar Buba ta sama ta fito fili, gansakuka ya cike ta. Wani masunci ya hango, ya kira shi yana dariya, ya ce Kwana Tara, yau kam maganarka ta tabbata. Falalu ya sauka da ƙyar, don ƙafa ta fara ciwo, ya tsuguna ya kankare tsagar da farce har ta fito fes. Ya leƙa ƙasa yana neman ta awaki, ruwa ya rufe ta da nisa. Ya ɗaga kai ya dubi tsibirin.

"Da saura," ya ce.

Ya yi kwanaki yana zuwa yana zama a wurin. Da damina ta faɗi ruwa ya dawo ya rufe tsagar, shi kuma bai rayu ya ga wani farin ba. Awakin Baturiya suna nan a dutsen, sun hayayyafa sun zama na daji, ba sa yarda mutum ya matso. In iska ta juyo daga can da sassafe, ana jin kukansu a Hancin Dutse.